A Ceto Waɗanda Caca Ta Kama

Shekaru da yawa ke nan gidaje masu ɗimbin yawa a birnin Maiduguri suna cin abinci da gumin 'ya'yansu da ke Kurmi. Tun da rikici ya ɓarke a shekarar 2009, aka kuma hana hayar babur a cikin birnin a 2011, samari da magidanta suka yi ta kwarara zuwa Ikko da Badun da Fatakwal da Anacha. Wasu suna acaɓa, wasu gadi, wasu dako a kasuwar Mile 12, wasu kuma fataucin kifi da shanu. Abin da suke aikowa gida shi ne kuɗin cefane a Gwange da Bulumkutu da Hausari, shi ne kuɗin makarantar yara, shi ne kuma kuɗin maganin tsofaffi. To yanzu wani baƙon hannu ya shiga cikin wannan aljihu, yana ɗiba tun kuɗin ba su kama hanya ba, yana kuma ɗiba bayan sun isa. Wannan hannu kuwa shi ne caca, musamman cacar ƙwallon ƙafa da ake yi ta wayar hannu.

Ra'ayin wannan jarida a kan al'amarin a fili yake. Caca haramun ce a addini, ɓarna ce ga dukiya, babu kuma mai hankalin da zai yi musun haka. Amma mutumin da ta riga ta kama, har ya kasa bari ko da yana so, ya zama mai ciwo, mai ciwo kuwa magani ake nema masa. Jama'ar Arewa sun daɗe da iya tsine wa ɗan caca. Abin da ya rage su koya shi ne yadda za su fisshe shi.

Caca ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Dattawa sun san zamanin karta a bayan kasuwa da gidajen bariki, sun san injin kalokalo wanda gwamnatin soja ta haramta da doka a 1977, sun kuma san takardun pul da ake cikawa ran Asabar a kan wasannin Ingila. Daga baya rumfunan Baba Ijebu suka cika titunan Ikko. Sai dai duk waɗannan suna da wurin da ake zuwa a yi su, suna da lokaci, mai zuwa kuma yana tsoron kada a gan shi. Da kamfanonin cacar intanet suka bayyana, irin su NairaBet a 2009 da Bet9ja a 2013, sannan wasu da dama suka biyo baya, sai gidan cacar ya koma cikin aljihun mutum. Mai gadi yana iya yinta a bakin ƙofar maigidansa da tsakar dare, ɗalibi yana iya yinta a ɗakin kwanansa, babu wanda ya ji, babu wanda ya gani. Kunyar idon jama'a, wadda ita ce katangar da ta tsare mutane da yawa a da, ta rushe.

Bango kuwa sai ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Maiduguri gari ne da ya sha wahala iri-iri. Ya karɓi dubban ɗaruruwan mutanen da aka raba da gonakinsu da garuruwansu. A watan Fabrairu na 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday, wadda ita ce cibiyar cinikin birnin. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni, mutane suka wayi gari ba gida ba jari. A Kudu ma abin bai yi sauƙi ba, domin gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaɓa a manyan ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, janye tallafin man fetur a 2023 kuma ya ƙara tsadar kome. Saurayin da ya rasa babur, ko ɗan kasuwar da rumfarsa ta ƙone, idan aka ce masa da naira ɗari biyu zai iya samun miliyan kafin dare, ba abin mamaki ba ne ya saurara. Masu wannan sana'a sun san haka, shi ya sa tallansu yake bin matalauci har gidan kallon ƙwallo.

Ya kamata mai karatu ya san yadda aka ɗana tarkon, domin lissafi ne, ba sa'a ba. A ɗauka ƙungiyoyi biyu za su kara, ƙarfinsu ɗaya, ɗaya kuma dole ta yi nasara. Da adalci ake bi, wanda ya zuba naira ɗari ya ci sai a ba shi ɗari biyu. Amma kamfani yakan biya ƙasa da haka, a ce ɗari da casa'in. Ke nan a cikin kowace naira ɗari da jama'a suka zuba, biyar ta riga ta zama ta kamfani tun ba a busa usur ba. Idan mutum ya jera irin waɗannan wasanni goma a tikiti ɗaya, kamar yadda samari suka fi so domin kuɗin ya yi tsawo, damar da yake da ita ta cin duka goman ɗaya ce cikin 1,024, rabon kamfani kuma ya tashi daga biyar zuwa kusan arba'in cikin ɗari. Idan wasannin ashirin ne, damar ta zama ɗaya cikin fiye da miliyan. Wannan ne dalilin da ya sa kullum ake jin kukan cewa wasa ɗaya tak ya yanke tikiti. Haka aka tsara abin, domin wanda ya ga kamar ya kusa ci gobe zai dawo.

A duba kuma abin da yake zuba. Wanda yake sa naira 500 kullum, a shekara ya sa naira 182,500, watau fiye da albashin wata biyu da rabi na ƙaramin ma'aikaci bisa mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka tsayar a 2024. Wannan kuɗi ya isa jarin tireda, ya isa buhunan hatsi ga iyali a Yerwa. Garin neman ƙiba an samo rama.

Ta fuskar doka da addini babu wani duhu. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, ya ambaci caca tare da giya, ya kuma bayyana cewa su biyun suna haddasa gaba tsakanin mutane, suna shagaltar da su daga salla. Limaman coci ma ba su daina gargaɗi a kanta ba. Jihar Barno tana cikin jihohin Arewa goma sha biyu da suka ɗauki shari'ar Musulunci daga shekarar 2000. A ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta da iko a kan jihohi, sai dai a Abuja, watau kowace jiha ita ke da wuƙa da nama a ƙasarta. A Kano hukumar Hisba ta rufe shagunan caca a wannan shekarar. Duk wannan daidai ne, amma ɗan sanda yana iya garƙame shago, ba ya iya garƙame waya. Ɗan Barno da ke zaune a Agege ko Sabon Badun kuma yana ƙarƙashin dokar jihar da ta halatta abin, tana ma karɓar haraji a kansa. Hani yana rage masu shiga, amma wanda ya riga ya nutse yana bukatar wanda zai miƙa masa hannu.

Haɗa caca da giya da Alƙur'ani ya yi tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce, ilmin likita ya zo ya tarar da shi. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka a 1980, a 2013 kuma ta mayar da ita aji ɗaya da jarabar giya da ƙwaya, saboda an gano cewa tana taɓa sassan ƙwaƙwalwa iri ɗaya da waɗanda kayan maye suke taɓawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ta sa ta cikin sabon kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, ta kuma ƙiyasta cewa fiye da mutum ɗaya cikin kowane baligi ɗari a duniya yana fama da ita. Sanin wannan ba ya wanke mutum daga alhakin abin da ya aikata, ba ya kuma yafe masa bashin da ya ci. Amfaninsa shi ne ya nuna dalilin da ya sa rantsuwa da zagi da duka ba su cika yin tasiri ba. Mutum yakan dafa Alƙur'ani da safe ya ce ya bari, da yamma ya koma, yana kuka.

Alamomin ciwon ba su da wuyar ganewa ga wanda ya sa ido. Mutum yana ƙara yawan abin da yake zubawa domin ƙaramin kuɗi ya daina motsa shi. In an cinye shi, ba ya iya barci sai ya koma neman fansa, wannan bin asara kuwa shi ne babban rami. Yana ƙarya a kan inda kuɗinsa suka tafi. Yana cin bashi wurin abokai, da masu POS, da kamfanonin ba da rance ta waya waɗanda suke tozarta mutum in ya kasa biya. Yana taɓa amana: kuɗin adashi, cinikin maigida, balas ɗin mai keke, saƙon da aka ba shi ya kai gida. Yana fushi ba dalili, yana rama, yana guje wa jama'a. Iyalin da suka ga saƙon ɗansu ya fara yankewa alhali yana aiki, ko magidancin da ya aika kuɗin makaranta ya ji ba a biya ba, su bincika da hankali kafin su yanke hukunci.

Babban abin da yake tsare mutane daga neman taimako shi ne kunya. Ɗan ci-rani ya bar gida ne domin ya rufa wa iyayensa asiri, saboda haka faɗin cewa ya cinye kuɗin a caca ya fi masa ciwo a kan yunwa. Sai ya yi shiru, ya daina ɗaukar waya, ya ƙi zuwa gida da salla, wani ma ya ɓace ɗungurungum. Likitoci sun tabbatar cewa masu wannan ciwo suna cikin waɗanda tunanin hallaka kansu ya fi damu. Don haka duk wanda ya ji ɗan'uwansa yana cewa ya gaji da duniya, ko mutuwa ta fi masa, kada ya ɗauka wasa ne, kada kuma ya bar shi shi kaɗai. A kai shi asibiti a ranar. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Wuraren neman magani suna nan, ko da yake ba su wadata ba. A Maiduguri akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a kan hanyar Baga, wanda ya daɗe yana kula da masu jarabar ƙwaya da waɗanda tashin hankalin yaƙi ya taɓa, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Mazauna Ikko suna da asibitin Yaba. Na Abekuta da Shagamu suna kusa da asibitin Aro, wanda Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya yi wa suna a duniya tun shekarun 1950. A Badun akwai sashen ƙwaƙwalwa na asibitin jami'a. Akwai asibitocin tarayya irin waɗannan a Uselu ta Binin, da Inugu, da Kalaba, akwai kuma na jiha a Rumuigbo ta Fatakwal. Wata ƙungiya mai zaman kanta, Gamble Alert, tana ba masu wannan matsala shawara. Wajibi ne jama'a su cire wa ransu cewa waɗannan asibitoci na masu yawo tsirara ne kawai. Yawancin masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su koma bakin aikinsu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi kare mutuncin majiyyaci da sirrinsa.

Maganin kansa yawanci zama ne da magana. Ma'aikaci yakan zauna da mutum mako-mako, ya taimake shi ya gano abin da yake tunzura shi, ko kaɗaici ne, ko bashi, ko ganin kuɗi a hannu ran biya, ya kuma warware masa ƙaryar da zuciya take yi masa cewa bayan faɗuwa goma dole ci ya zo. In akwai ciwon damuwa ko shaye-shaye tare da cacar, sai a haɗa da magani. Akwai kuma hanyar da aka fara a birnin Los Angeles na Amurka a 1957, inda masu ciwon suke taruwa su kaɗai, kowa ya faɗi halin da yake ciki ba tare da an yi masa gori ba, wanda ya daɗe da bari ya riƙe hannun sabo. Wannan ba ta bukatar gini ko kasafi, zaure ɗaya da amana sun isa.

Shi wanda abin ya kama, matakinsa na farko shi ne ya faɗa wa mutum ɗaya da ya yarda da shi gaskiyar lamarin duka, har da jimillar bashin. Na biyu, ya raba kansa da kuɗi na wani lokaci: ya miƙa katin banki ga amintacce, ya riƙa aika na gida a ranar da ya samu kafin dare ya yi. Na uku, ya nemi kamfanin ya rufe asusunsa, ya goge manhajar, in ta kama ya koma ƙaramar waya marar intanet, ya kuma ƙaurace wa gidan kallo har zuciyarsa ta kwanta. Na huɗu, ya yanke ƙauna daga abin da ya riga ya tafi, domin ba a fanso kuɗin caca da caca. In ya zame ya koma, kada ya ce shi ke nan ya lalace, ya tashi ya sake ɗaura niyya, gama ƙofar tuba ba ta rufuwa.

Iyali su ma suna da nasu aikin, kuma mai wuya ne. Kada su biya masa bashi a ɓoye su yi shiru, domin hakan share masa fili ne ya sake. In za a biya, a zauna da masu bin bashi a tsara biya kaɗan-kaɗan daga guminsa. Mace ta tsare jarinta da kayan ɗakinta, wannan ba rashin biyayya ba ne, kare abincin 'ya'ya ne. Masu aika kuɗi daga Kudu su riƙa biyan makaranta ko mai hatsi kai tsaye in suna shakkar hannun da yake karɓa. Amma a yi duk wannan ba tare da tona masa asiri a dandali ba. Wanda aka kunyata a gaban jama'a ba shi da sauran abin da zai tsare.

Nauyi mafi girma yana kan shugabannin jama'a. Babu wani zango a Kudu da ba shi da sarki, ko na Hausawa ko na Barebari ko na Shuwa, babu kasuwar da ba ta da shugaban 'yan Arewa, babu tashar da ba ta da ƙungiya. Waɗannan su ne suke karɓar baƙo, su sasanta rigima, su tara kuɗin kai gawa gida. Wanda ya iya tara kuɗin gawa ya iya tara na ceton mai rai. Kowane zango ya ware dattawa biyu ko uku masu riƙon sirri waɗanda yaro zai iya zuwa wurinsu, su san hanyar asibiti mafi kusa, su kuma raka shi, domin da yawa ba sa jin Turanci ko Yarbanci. Limamai su ci gaba da faɗin haramcin caca a kan mumbari, amma su ƙara da gaya wa wanda ya riga ya faɗa inda zai je bayan an sallame. Kuma a duba al'amarin zakka, tun da mabarta suna cikin waɗanda aka ambata, malamai kuma sun yi bayanin matsayin wanda ya ci bashi ta hanyar saɓo sannan ya tuba da gaske.

Daga ƙarshe sai hukuma. Tun da Kotun Ƙoli ta danƙa al'amarin ga jihohi, babu gwamnan da zai ce ba ruwansa. Jihohin Kudu da suke karɓar harajin caca, lalle ne su ware wani kaso sananne domin jinyar waɗanda ta raunata, su tsananta hana yara 'yan ƙasa da shekara 18, su kuma taƙaita talla. A Ingila akwai rajista guda, GAMSTOP, wadda mutum yake sa sunansa sau ɗaya a toshe shi daga duk kamfanonin intanet masu lasisi, tun 2020 kuma an hana caca da katin bashi a can. Babu abin da zai hana jihohin Nijeriya su haɗa kai su yi irin wannan. Gwamnatin Barno kuwa tana da tushen da za ta ɗora a kai, domin a shekarun rikici an horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci a kan lafiyar ƙwaƙwalwa tare da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya. A ƙara musu sanin ciwon caca, a riƙa bayani a rediyo da Kanuri da Hausa da Shuwa da Babur. Wakilan jam'iyya a majalisun jihohi su ɗauki wannan magana su kai zaure, rassanta na unguwanni kuma su buɗe ofisoshinsu ga irin taron da aka ambata. Jam'iyyar da take neman ƙuri'ar talaka ran zaɓe ba ta da hujjar kau da kai sa'ad da ake yashe aljihunsa.

Mutanen Barno sun ga yaƙi, sun ga gobara, sun ga ambaliya, a kowane karo kuma 'yan'uwansu na Kurmi sun tara abin da suke da shi sun aika. Wannan masifa ba ta da hayaƙi, ba ta da ƙara, amma gidajen da ta rusa suna nan a kowace unguwa. Duk wanda ya san wani da ta kama, ya neme shi a wannan mako, ya zauna da shi, ya saurare shi, sannan ya raka shi inda za a taimake shi. Allah Ya tsare zuri'a, Ya sa albarka a cikin halaliya komai ƙanƙantarta, amin.